Marigayi Wazirin Sakkwato, Dokta Junaidu (1906–1997)

An haifi Alhaji Junaidu a birnin Sakkwato a shekarar 1906, a gidan Gidaɗawa, zuriyar da ta riƙe sarautar Waziri tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Mahaifinsa shi ne Waziri Muhammadu Buhari, wanda ya tsaya tare da jama'ar gari lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903. Buhari ɗan Ahmadu ne, Ahmadu kuwa ɗan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu. Yana ɗan shekara huɗu mahaifinsa ya rasu, sai ya tashi a hannun 'yan'uwa, ya yi karatun allo da na ilimi a zaurukan malaman garin. Ya yi aikin koyarwa kafin a naɗa shi Waziri a 1948.

Gadon da ya fi kowanne nauyi a wuyansa shi ne takardu. Tun farkon daula Waziri ne ke kula da wasiƙun da ke tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan gabas, irin su Kano da Zazzau da Bauci da Adamawa, saboda haka wasiƙu masu hatimi suka taru a gidan, haɗe da littattafan Shehu da Abdullahi da Bello da waƙoƙin Asma'u na Larabci da Fulatanci da Hausa. Irin waɗannan littattafai ba a ɗinke su ba. Warƙoƙi ne a sake cikin gafaka, da yawansu a kan takardar Italiya mai tambarin wata uku wadda fatake ke kawowa ta Tarabulus. Idan warƙa ɗaya ta fita daga muhallinta, sai malami ya bi kalmar da marubuci ya ajiye a ƙasan shafi kafin ya mayar da ita. Gara da damina kuma ba su san darajar marubuci ba.

Waziri Junaidu bai kulle wannan taska ba, kuma a nan ne ya yi fice. Ya karanta, ya tantance, ya yi rubutu a kai, ciki har da littafinsa Tarihin Fulani. A farkon shekarun 1960 ya buɗe wa Murray Last ɗakin littattafansa, wanda daga ciki ne littafinsa na 1967 kan Daular Usmaniyya ya samu ginshiƙi. Haka ya yi wa Jean Boyd, wadda tare da Beverly Mack ta fitar da tarin ayyukan Nana Asma'u a 1997. Ba don wannan ba, da yawan waƙoƙin sun tsaya a hannun tsiraru. A 1971 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dokta.

Ya yi wa sarakunan Musulmi uku waziranci: Abubakar na Uku, Ibrahim Dasuƙi da Muhammadu Macciɗo. Allah Ya yi masa rasuwa a watan Janairun 1997. Hukumar adana tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato tana ɗauke da sunansa, kuma a can ake ajiye rubuce-rubucen hannu da kayan tarihi don masu bincike. Allah Ya jiƙansa da rahama.