Lord Rayleigh: Mai garken shanun da bincikensa ke aiki a cikin wayoyinmu

Duk wanda ya taɓa zama wajen masu gyaran waya a nan unguwarmu ta Briqueterie, ko a titin Kennedy da ke tsakiyar Yawunde, ya saba da jin koken nan na cewa waya ga ta sabuwa fil amma ba ta riƙe rezo. 'Yan'uwanmu da ke fatauci a Kye-Ossi da Garoua-Boulai da Mbaiboum sun fi kowa sanin zafin abin, domin kira ɗaya da ya yanke yana iya sa mutum asarar ciniki. Sau da yawa laifin na nisan turken sadarwa ne, amma wani lokaci yana cikin wata 'yar na'ura da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, wadda aikinta shi ne tace saƙo. Yau za mu kawo tarihin mutumin da wannan na'ura ta samo asali daga lissafinsa.

Sunansa na yanka John William Strutt, an haife shi ranar 12 ga Nuwamba 1842 a yankin Essex na ƙasar Ingila. Ya taso ba shi da ƙoshin lafiya, abin da ya yi ta katse masa karatu, amma da ya shiga jami'ar Kambirij a 1861 sai ga shi ya zo na ɗaya a jarrabawar lissafi ta 1865. A 1871 ya auri Evelyn Balfour, 'yar'uwar Arthur Balfour wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya. A wannan shekarar ce kuma ya bayyana dalilin da ya sa sararin sama yake shuɗi.

Ba a daɗe da auren ba sai zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi, ya tafi Masar shan iska. A cikin jirgin ruwa a kan kogin Nilu ya soma rubuta babban littafinsa kan ilimin sauti, wanda ya fito kashi biyu a 1877 da 1878. A ciki ya nuna cewa tsirkiya ko fatar ganga ba ta girgiza iri ɗaya tak. Akwai babbar murya, akwai kuma ƙananan muryoyi da ke biye da ita. Duk makaɗin kalangu ya san haka da kunnensa, shi kuwa ya zauna ya fitar da lissafin abin.

Da mahaifinsa ya rasu a 1873 ya gaji sarautar gidansu da laƙabin Lord Rayleigh, haɗe da gandu mai faɗi a ƙauyen Terling. Daga baya ya danƙa kula da gandun a hannun ƙanensa Edward, wanda ya mai da shi babbar harkar madarar shanu, shi kuma ya koma ɗakin gwajin da ya kafa a cikin gidansa. Ya shugabanci ɗakin bincike na Cavendish a Kambirij daga 1879 zuwa 1884.

Halin da ya fi burge mu a rayuwarsa shi ne rashin raina ɗan bambanci a ma'auni. A 1892 ya lura cewa iskar naitirojin da ya tace daga iskar da muke shaƙa ta fi wadda ya haɗa daga sinadarai nauyi da kusan kashi 1 cikin 1000. Wani zai ce kuskuren sikeli ne ya wuce, amma shi ya yi ta maimaita awo, har shi da William Ramsay suka gano a 1894 cewa akwai wata iska da ba a sani ba a ɓoye a ciki, wato argon. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1904.

To, abin da ya shafi wayoyinmu ya faru ne a 1885, lokacin da ya nuna cewa akwai wata irin girgiza da ke tafiya a saman abu mai tauri ba tare da ta nutsa ciki ba. Shi tunaninsa ya tafi ne ga girgizar ƙasa, kuma har gobe masana na kiran ta da sunansa. Sai bayan shekara 80, a 1965, Richard White da Voltmer a jami'ar Kalifoniya da ke Amurka suka samo hanyar tayar da ita da lantarki. Suka shimfiɗa siraran haƙoran ƙarfe, kamar mataji biyu da aka sarƙa haƙoransu, a kan wani irin dutse da ke motsi in lantarki ya taɓa shi. Tazarar haƙoran ita ke zaɓen saƙon da zai wuce, sauran a tare su, kamar yadda rariya ke yi wa gari. Wayar zamani na ɗauke da gommai na irin wannan rariya.

Amma matsalar da ya bayyana game da ganga ta biyo na'urar. Bayan girgizar da ake so, akwai wadda ke kai-komo a gicciye, da wadda ke dawowa daga haƙoran, kuma su ke rage wa saƙo ƙarfi. Don haka injiniyoyi kan bambanta tsawon inda haƙoran suka sarƙu, ko su raba kowane haƙori biyu, ko su ƙara wa bakinsa kauri domin girgizar ta tafi a miƙe. Wani abin mamaki, a kan wasu duwatsun girgizar Rayleigh ita ce abin nema, a kan wasu kuwa ita ce hayaniyar da ake son kashewa.

Lord Rayleigh ya rasu a Terling ranar 30 ga Yuni 1919 yana da shekara 76, bai taɓa ganin wayar salula ba. Mu dai abin da za mu ce wa 'yan kasuwarmu shi ne, kyan murfi da girman fuskar waya ba su ne rezo ba. Kafin a sari kwali guda, a gwada ɗaya a inda sabis ke da rauni, kuma in an ga ɗan bambanci kada a raina shi.