Hubert Ogunde: Ɗan Sandan da Ya Ajiye Kaki Ya Hau Dandamali

An haifi Hubert Ogunde a shekarar 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu-Ode, cikin jihar Ogun ta yau. Mahaifinsa limamin coci ne, kakansa na wajen uwa kuwa bokan Ifa ne, don haka ya taso da waƙoƙin coci a kunne ɗaya, kiɗan gargajiyar Yarabawa a ɗaya kunnen. Ya yi aikin koyarwa, sannan ya shiga aikin ɗan sanda a 1941.

Yana cikin kaki ne wata coci a Legas ta nemi ya shirya mata wasan tara kuɗi. A 1944 ya gabatar da wasansa na farko, kan labarin Adamu da Hauwa'u, a zauren Glover. Irin wannan wasa shi ake kira opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera zantuttukansa cikin waƙa, da kiɗa da rawa. Karɓuwar da ya samu ta sa Ogunde ya kafa ƙungiyarsa a 1945, ba da jimawa ba kuma ya bar aikin gwamnati. Wannan ba ƙaramar kasada ba ce, domin a wancan zamani ana ɗaukar ɗan wasa mutumin banza ne. Iyaye ba sa yarda 'ya'yansu mata su hau dandamali. Saboda haka ne da yawa daga cikin 'yan wasansa mata suka zama matan aurensa, ƙungiyar ta koma tamkar gida guda mai yawo gari-gari a babbar mota.

Abin da ya fi fito da sunansa shi ne taɓa masu mulki. Wasansa Strike and Hunger ya ginu ne kan yajin aikin gama-gari na 1945, kuma da ya kai shi Jos hukuma ta hana, aka ci shi tara. Haka Bread and Bullet, wanda ya nuna yadda 'yan sanda suka bindige mahaƙan kwal 21 a Inugu a 1949, ya gamu da haramci a Kano.

Samun 'yancin kai bai kawo masa sauƙi ba. A 1964 ya shirya Yoruba Ronu, ma'ana Yarabawa su yi tunani, labarin wani sarki da mataimakinsa ya ci amanarsa. An nuna wasan a Ibadan a gaban Firimiya Akintola, alhali Awolowo na kurkuku, kuma babu wanda ya buƙaci a fassara masa habaicin. Akintola ya fice daga zauren. Gwamnati ta haramta wa ƙungiyar wasa a duk Jihar Yamma, inda akasarin masu kallonsa suke, har sai da sojoji suka ɗage takunkumin a 1966.

Daga baya ya wakilci Nijeriya a bajekolin Montreal na 1967, ya kuma juya ga shirya fina-finai irin su Aiye da Jaiyesimi. A 1986 aka ɗora masa nauyin haɗa ƙungiyar wasanni ta ƙasa. Ya rasu a Landan ranar 4 ga Afrilu, 1990, bayan ya fito a fim ɗin Mister Johnson. An mayar da gidansa na Ososa gidan tarihi.