Paul Kollsman, injiniyan da ya sauƙaƙa saukar jirgi cikin hazo

An haifi Paul Kollsman ranar 22 ga watan Fabrairun 1900 a garin Freudenstadt da ke kudancin Jamus. Bayan ya yi karatun injiniya, ya yi ƙaura zuwa Amurka a shekarar 1923, inda ya kama aiki da kamfanin Pioneer mai ƙera na'urorin jiragen sama a New York.

A wancan zamani, ma'aunin da ke nuna wa matuƙi nisan da ya yi a sama kan yi kuskuren ɗaruruwan ƙafa, lamarin da ya sa sauka cikin hazo ta zama sai da rai.

A 1928 Kollsman ya kafa nasa kamfanin da jarin dala 500, ya kuma ƙera ma'auni mai aiki da nauyin iska, wanda kuskurensa ya ragu ƙwarai.

Ranar 24 ga watan Satumban 1929, Jimmy Doolittle ya tashi daga filin Mitchel da ke jihar New York, ya kewaya ya sauka ba tare da ya leƙa waje ba. Ma'aunin Kollsman na cikin na'urorin da ya dogara da su.

Kollsman ya rasu a jihar California a watan Satumban 1982, shekaru 13 kafin tsarin taurarin ɗan Adam na GPS ya kammala kafuwa a 1995.

Duk da zuwan GPS, ba a yi watsi da ma'auninsa ba. GPS na lissafa nisa ne daga siffar duniya da masana suka tsara, shi kuwa ma'aunin iska yanayi na shafarsa: in ana tsananin sanyi yakan nuna jirgi ya fi yadda yake nisa da ƙasa.

To amma jiragen da suka yi nisa a sama duk suna saita ma'auninsu kan adadi guda, wato hektofaskal 1013. Saboda haka kuskuren da ya shafi wannan jirgi shi ya shafi na kusa da shi, tazarar ƙafa 1,000 da ke tsakaninsu kuma ba ta gushewa.

'Yar tagar da matuƙi ke saita wannan adadi a cikinta, har yau da sunan Kollsman ake kiranta.