Norman Borlaug: Ɗan Manomin da Ya Yaƙi Yunwa da Ƙwayar Iri

 A filinmu na tarihin mashahuran mutane na wannan fitowar, mun ɗauko rayuwar wani Ba'amurke wanda da wuya a ji sunansa a bakin manoman Gaya ko Ajingi, amma aikinsa ya iso gonakinmu. Duk wanda ya tambayi kakanninsa zai ji cewa a da gero da dawa su ne abincin ƙasar nan. Masara kuwa 'yar bayan gida ce, ana shuka ta kusa da turken dabbobi don a samu ta gasawa kafin kaka. Yau ga ta a buhu-buhu a kasuwanninmu, ga tuwonta a kwanukanmu. Cikin waɗanda suka sa hannu a wannan sauyi akwai Norman Borlaug.

Tasowarsa

An haife shi ranar 25 ga Maris, 1914, a wata gona kusa da garin Cresco a jihar Iowa ta Amurka. Asalin danginsa daga ƙasar Norway suka yi ƙaura. Tun yana ƙarami yake taya mahaifinsa noman masara da kiwon shanu da kaji, kuma firamarensa makaranta ce mai ɗaki ɗaya da malami ɗaya. Kakansa ne ya dage a kan lallai yaron ya yi karatu mai zurfi, kada ya tsaya a gona kawai. A sakandare ya yi fice a kokawa, wasan da ya koya masa juriya.

A 1933 ya nemi shiga Jami'ar Minnesota, sai ya faɗi jarrabawar shiga. Wannan wuri muna so 'yan ajin ƙarshe su lura da shi. Bai koma gida ya naɗe hannu ba. Ya karɓi gurbi a wani sashe na share fage, ya yi ƙoƙari har aka mayar da shi sashen nazarin gandun daji, ya sami digiri a 1937. Shekarun nan na matsin tattalin arziki ne a Amurka. Yakan dakatar da karatu ya yi aiki don ya haɗa kuɗin makaranta, kuma a wani aikin gwamnati da ya yi ya shugabanci matasa marasa aikin yi waɗanda yunwa ta rame da su. Ya ga yadda abinci ya dawo da su hayyacinsu, abin bai taɓa barin zuciyarsa ba.

Wata lacca ce ta sauya masa hanya. Farfesa E. C. Stakman ya yi bayani a kan cutar tsatsa, wadda iska ke ɗaukar ƙwayoyinta daga gona zuwa gona ta lalata alkama. Borlaug ya bar gandun daji ya koma nazarin cututtukan tsirrai a hannun wannan malami, ya kammala digirin digirgir a 1942.

Aiki a Meziko

Meziko ita ce mahaifar masara, daga can ta bazu a duniya har ta iso gare mu. Duk da haka a wancan lokaci manoman ƙasar ba sa samun abin kirki. A 1943 gwamnatin Meziko da Gidauniyar Rockefeller suka kafa shirin binciken noma, aka ba Edwin Wellhausen ɓangaren masara. Borlaug ya bar aikinsa mai albashi mai kyau a kamfanin DuPont ya bi su a 1944, aka damƙa masa alkama. Don haka mu faɗi gaskiya tun da wuri: shi da hannunsa alkama ya inganta. Abin da ya haɗa shi da masararmu zai zo a gaba.

Yaya ake inganta iri? Mai bincike yakan zaɓi tsiro biyu, misali ɗaya mai jure cuta, ɗaya mai yawan ƙwaya. Sai ya ɗebi garin furen ɗaya ya sa wa ɗayan. Ya shuka 'ya'yan, ya zubar da marasa kyau, ya sake shuka na kirki, haka har sai halin da yake nema ya zauna. Tunda sau ɗaya ake noma a shekara, aikin kan ci shekara goma ko fiye. Borlaug ya ga yunwa ba za ta jira ba. Sai ya riƙa shuka alkamarsa a kwarin Yaqui da ke arewacin ƙasar a lokacin sanyi, da ya girbe ya ɗauki irin ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa tsaunukan Toluca ya sake shukawa. Noma biyu a shekara ya rage tsawon aikin da rabi. Shugabanninsa sun ƙi dabarar da farko, har ya kai ga ajiye aiki kafin a sasanta. Daga baya sai ga wata riba da ba a zata ba: irin da ya yi kyau a wurare biyu masu bambancin yanayi ya zama mai karɓar ƙasashe da yawa.

Akwai sauran matsala. Idan aka ba doguwar alkama taki sosai, zangarniya takan yi nauyi kara ya kwanta. A 1953 ya sami irin wata gajeruwar alkama mai asali daga Japan, mai suna Norin 10, ya haɗa ta da nasa masu jure tsatsa. Aka sami alkama gajeruwa mai ƙarfin kara, wadda ke mayar da taki ƙwaya maimakon tsawo. Meziko ta wadatu da alkama a 1956, zuwa 1963 har tana sayar wa waje.

Indiya, Pakistan da lambar yabo

A tsakiyar shekarun 1960 fari ya sa Indiya da Pakistan a bakin yunwa. A 1965, ana cikin yaƙi tsakanin ƙasashen biyu, aka kai musu irin Meziko. A 1966 Indiya ta sayo tan 18,000 na irin. Alkamar da Indiya ke girbewa ta tashi daga kimanin tan miliyan 12 a 1965 zuwa miliyan 20 a 1970, ta Pakistan kuma daga miliyan 4.6 zuwa miliyan 7.3. Ba shi kaɗai ya yi ba, masana na can irin su M. S. Swaminathan sun tsaya tsayin daka, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1970 aka ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. Yana cikin gonar gwaji a Toluca matarsa Margaret ta kai masa labari.

Shirin nan na Meziko shi ne ya zama cibiyar inganta masara da alkama ta duniya, wato CIMMYT, a 1966. Bayan shekara ɗaya, a 1967, gidauniyoyin Rockefeller da Ford suka kafa 'yar uwarta IITA a Ibadan. Daga IITA aka fitar da farar masara mai suna TZB, wadda ta bazu a arewa a shekarun 1970 ta hannun shirye-shiryen bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe, tare da takin zamani mai rahusa. Nan ne masara ta fara fita daga bayan gida ta shiga babbar gona.

Tsufa bai hana shi zuwa Afirka ba

Borlaug ya yi ritaya a 1979. A 1984 hotunan yunwar Habasha suka girgiza duniya. Wani attajirin Japan, Ryoichi Sasakawa, ya neme shi ya zo a gwada a Afirka abin da aka yi a Asiya. Borlaug yana da shekara 70, ya nuna ya tsufa. Sasakawa kuwa ya girme shi da shekara 15, bai karɓi uzurin ba. Da tsohuwar zuma ake magani. A 1986 su biyun tare da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suka kafa shirin Sasakawa Global 2000, aka fara da Gana da Sudan. Shirin ya shigo Najeriya a 1992, ya fara da jihohin Kano da Kaduna, yana aiki da malaman gona na hukumomin jiha irin su KNARDA. A birnin Kano aka buɗe ofishinsa na ƙasa.

Abin da Borlaug ya lura shi ne, cibiyoyin bincike suna da iri mai kyau a ajiye, amma bai kai ga manomi ba. Saboda haka shirin ya dogara ga gonar gwaji a cikin gonar manomi, shi ne mai yin aikin da hannunsa, malamin gona yana nuna masa. Ana koya masa shuka ingantaccen iri a kan lokaci, barin tazara daidai tsakanin kunya da kunya da tsakanin rami da rami, tona rami a binne taki maimakon a watsa shi rana da ruwa su kwashe, da yin noma kafin ciyawa ta fi ƙarfi. Maƙwabta suna wucewa suna kallon goyon masarar. Gani ya kori ji.

Ya kuma yi ta tallata wata masara ta musamman. Masara ta yau da kullum tana da ƙarancin wasu sinadarai biyu na gina jiki, shi ya sa yaron da aka yaye da kununta kaɗai ba ya ƙiba. A CIMMYT, wata masaniya 'yar Meziko, Evangelina Villegas, da wani ɗan Indiya, Surinder Vasal, sun shafe shekaru suna aiki har suka samar da masara mai kusan ninki biyu na waɗannan sinadarai. Masanan Gana suka fitar da ita a 1992 da sunan Obatanpa, kuma a Najeriya Cibiyar Binciken Noma ta Samaru da ke Zariya ta fitar da ita da sunan SAMMAZ 14. A 2000 Villegas da Vasal suka karɓi lambar yabo ta abinci ta duniya, wadda Borlaug ya assasa a 1986. Villegas ce mace ta farko da ta same ta, 'yan uwanmu mata sai ku riƙe wannan. A 2017 kuma ɗan Najeriya Akinwumi Adesina ya karɓe ta.

Inda aka soke shi

Ba kowa ne ya yaba masa ba, kuma sukar tana da tushe. Sabon iri yana son taki, wanda ba shi da kuɗin buhu sai a bar shi a baya. Iri mai aure sai an saya duk shekara, domin idan aka shuka 'ya'yansa amfanin yakan ragu, saɓanin irin su SAMMAZ 14 da manomi zai iya ajiyewa ya maimaita na 'yan shekaru. Wasu sun yi kukan ɓacewar irin gargajiya da gajiyar ƙasa. A Habasha an yi girbi mai yawa a 2001, sai farashin masara ya faɗi warwas saboda rashin hanyoyi da wurin ajiya, manoma da yawa suka kasa biyan bashin taki. Shi kansa Borlaug ya yarda cewa iri kaɗai ba ya isa idan babu hanya da kasuwa. Amsarsa ga masu suka ita ce, idan ba a ƙara amfanin kowace gona ba, sai a sare dazuzzuka don neman sabuwa.

Ya rasu ranar 12 ga Satumba, 2009, a birnin Dallas, yana da shekara 95. Har cikin shekarunsa na ƙarshe yana faɗakar da duniya a kan wata sabuwar tsatsar alkama da ta ɓulla a Uganda.

Abin da ya rage mana

Mu a Gaya da Ajingi mun san halin da ake ciki. Daminarmu gajeruwa ce, ƙasarmu akwai jigawa, ƙuduji yana shanye gona, kuma tun 2016 ga tsutsar nan mai cin zuciyar masara. Kuɗin taki kuwa iyayenmu sun fi mu sanin zafinsa. Masu bincike a IITA da Samaru da CIMMYT sun ci gaba da aiki, sun fitar da masara mai nuna a kwana 80 zuwa 90 da masu jure fari da ƙuduji. Tambayar da ta dami Borlaug tana nan: ko wannan iri ya iso hannun mai fartanya?

A nan ne muke da rawar takawa. Mu ne masu karanta rubutun da ke jikin ledar iri, mu ne za mu iya tambayar malamin gona sunan iri da kwanakinsa mu faɗa a gida. Muna roƙon malamanmu na kimiyyar noma su ware mana kunya kaɗan a gonar makaranta a damina mai zuwa, mu shuka irin gida a gefe ɗaya, ingantacce a ɗaya gefen, mu auna da mudu a kaka mu liƙa sakamakon a wannan allo. Wanda kuma yake son zurfafawa, ga jami'a a Wudil kusa da mu, ga Kwalejin Noma ta Audu Bako a Dambatta, ga cibiyar nazarin noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero. Yaron da ya faɗi jarrabawa a 1933 daga gona ya fito kamar yawancinmu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu amfani al'ummarmu da abin da muke koya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.