Abdu Mumuni, malamin rana

An haifi Abdu Mumuni a Tasawa cikin shekara ta 1929. Ya shiga lakwal a Damagaram, ya wuce Yamai, sai ƙasar Senegal, sai Faransa. Can ya zama babban malamin kimiyya.

Abin da ya fi jan hankalinsa rana ce. Mutanen Adar sun san ta sarai. Da bazara, a Tawa ko Kaita, tana busar da tabki, ga mata na tafiya nesa neman itacen girki. Abdu ya ga wuta na zubowa daga sama kullum, ba mai tara ta.

Wace irin wuta ce? Ba itace ke ci cikin rana ba. Ƙwayoyin wata iska marar nauyi, haidirojin, su ne ke haɗewa, su saki zafi. Ƙwayoyin nan ba su son juna. In ɗaya ta matso, ɗayar ta ture ta, kamar da katanga tsakaninsu. Zafin tsakiyar rana ya kai digiri miliyan 15, amma bai isa ya sa su haura katangar ba. Sai dai jefi-jefi wata ƙwaya takan ratsa ta, ta ɓullo ɗaya gefen. Wani masani mai suna Gamow ya bayyana irin wannan ratsawa a 1928. Da yake ƴan kaɗan ne ke ratsawa, rana na ci sannu-sannu. Ta fi shekara miliyan 4000 ba ta mutu ba.

Wannan zafin ne Abdu ya so ya kama. A 1969 ya komo gida daga Mali, aka ba shi shugabancin ONERSOL, ma'aikatar ƙarfin rana. Shi da abokan aikinsa suka ƙera murhun rana da abin ɗumama ruwa. Aikin da wuya, don zafi na shiga, kuma yana tserewa. Shi ya sa ake shafa wa farantin ƙarfe baƙin fenti ya sha zafi, a rufe da gilashi kada iska ta kwashe shi.

A littafinsa na 1964 ya nemi a koyar da yaran Afirka da harsunansu.

Ya rasu a Yamai a 1991. Jami'ar Yamai na ɗauke da sunansa tun 1992. A 2018 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a Malbaza, cikin jihar Tawa.