Bruce Merrifield, mutumin da ya ɗaure sarƙar magani a jikin roba

A gidajen haihuwa na Magaria da Dungass, idan mace ta sauka, ungozoma kan yi mata allurar oksitosin don hana zubar jini. Wannan magani peptid ne, wato gajeriyar sarƙa ta amino asid 9, jere kamar ƴaƴan carbi. Wanda ya sauƙaƙa wa duniya haɗa irin waɗannan sarƙoƙi shi ne Robert Bruce Merrifield.

An haife shi ranar 15 ga Yuli 1921 a Fort Worth, jihar Texas ta Amurka, amma a Kalifoniya ya tashi. Ya karanta ilimin sinadarai a jami'ar UCLA, ya samu digirin dokta a 1949, kuma a shekarar ya kama aiki a cibiyar Rockefeller da ke New York.

A wancan zamani, duk lokacin da aka ƙara amino asid ɗaya sai an tace, an tsarkake, sannan a ci gaba. Aikin kan ci watanni, kayan kuma suna raguwa a kowane mataki. A 1959 Merrifield ya zo da dabara: a maƙala amino asid na farko a jikin ƙananan ƙwayoyin roba masu kama da yashi, a riƙa ƙara na gaba ana wanke ragowar, sai sarƙar ta cika a yanke ta. Shekara 4 ya yi yana fama kafin ya wallafa sakamako a 1963, da sarƙa mai amino asid 4 kacal. A 1965 shi da John Stewart suka ƙera na'urar da ke yin aikin da kanta. A 1969 shi da Bernd Gutte suka haɗa ribonukleyas A, mai amino asid 124. A 1984 aka ba shi kyautar Nobel.

Sai dai dabarar ta zo da nata ciwon kai. Ko da kowane mataki ya yi nasara kashi 99 cikin 100, bayan matakai 50 kusan kashi 60 ne kawai na sarƙoƙin za su fito daidai. Sauran sun yi giɓi, kuma raba su da masu kyau aiki ne ja. Akwai kuma jerin da masana ke kira masu wuya. Idan amino asid masu gudun ruwa kamar valin da izolusin suka yi yawa, sarƙoƙin da ke jikin robar sai su manne wa juna kamar zaren da ya cukurkuɗe, bakin sarƙar ya ɓuya, na gaba ya rasa inda zai kama. Masu bincike sun bi hanyoyi da dama: ɗumama haɗin, sauya ruwan sinadarin, ko rage yawan sarƙoƙi a kan kowace ƙwaya. A 1994 Stephen Kent, wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa, ya fito tare da abokan aikinsa da hanyar haɗa gajerun sarƙoƙi su zama doguwa.

Merrifield ya auri Elizabeth Furlong a 1949, sun haifi ƴaƴa 6, daga baya ita ma ta shiga ɗakin bincikensa. Ya rasu ranar 14 ga Mayu 2006 a Cresskill, jihar New Jersey, yana da shekara 84. Har yau masana'antun magani na aiki da dabararsa, kuma jerin masu wuya na cikin abin da ke sa wasu magungunan tsada.