Henry Tanner, Mai Zanen Hotuna

An haifi Henry Ossawa Tanner a birnin Pittsburgh, cikin ƙasar Amurka, a shekara ta 1859. Ubansa limamin coci ne. Uwarsa kuwa cikin bauta aka haife ta, amma tun tana yarinya aka gudu da ita zuwa arewacin ƙasar, inda ba a bautar da mutane.

Ran nan, yana da shekara wajen 13, suna yawo da ubansa cikin wani babban lambu a Filadelfiya, sai suka tarar da wani mutum yana zana itatuwa da fenti. Yaron ya yi tsaye yana kallo, kamar an dasa shi. Da suka koma gida sai ya samo wani tsohon ƙyallen rumfa, ya ciro bangon littafin labarin ƙasa don dama launi a kai. Uwarsa ta ba shi senti 15, ya sayo fenti da buroshi. Kashegari ya koma lambun nan ya fara nasa.

Uban bai ga abinci cikin wannan sana'a ba, don haka ya kai shi aiki gidan niƙa gari. Aikin ya fi ƙarfinsa, ya kwanta ciwo. Da ya warke, iyayensa suka bar shi da abin da ransa ke so.

A 1879 ya shiga makarantar koyon zane ta Filadelfiya. Malaminsa, Thomas Eakins, yakan sa almajirai su san ƙasusuwa da jijiyoyin mutum da na doki tukuna, don kada su zana abin da ba su gane ba. Tanner kaɗai ne baƙin mutum a ajin, ya kuwa sha wulakanci. An ce wata rana 'yan ajinsu suka ɗaure shi jikin katakon da yake jingina zanensa, suka ajiye shi tsakiyar titi. A 1891 ya ƙetare teku zuwa Paris, ya ci gaba da koyo.

A 1893 ya zana hoton da ya fi shahara da shi. Wani tsoho ne zaune cikin ɗakin talaka, ga tukwane a ƙasa, ya rungumo yaro yana koya masa kiɗan banjo, wani irin molo wanda asalinsa daga Afirka ne. Yaron ya duƙar da kai, hankalinsa duk yana kan tsirkiya, tsohon kuwa ya tallafe masa wuyan molon don ya yi masa nauyi. Hasken wuta na dukansu ta gefe guda. A zamanin nan Turawan Amurka sun saba zana baƙaƙe da banjo don ba'a kawai. To, a nan ba abin dariya, malami ne da almajirinsa.

Tanner ya rasu a Paris a 1937. Hoton nan yana Jami'ar Hampton, a jihar Virginia.